Daga Dandalin Ƙauye Zuwa Takobin Ƙasa

A ƙasar Ƙonni, daga Bazaga har Malbaza, martabar ɗan kokowa a da tana hannun jama'a ne. Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, sai ƙauye ya gayyaci ƙauye. Wanda ya yi kaye makaɗa su ɗaukaka shi da kirari, sunansa ya bi kasuwanni.

A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan awo ya koma hannun hukuma. Kowace jaha cikin takwas 'yan kokowa goma take kawowa, don haka dole zakaran ƙauye ya ratsa tankaɗe da rairaya kafin ya shiga sahu.

Wuyar zaɓen ita ce, ba a raba 'yan wasa bisa nauyi. Siriri yana iya karawa da ƙato. Masu zaɓe kan auna ƙarfi da dabara da juriya gaba ɗaya. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ya haɗa ukun.