Kurmi Ta Riga Kanti

Ina 'yar shekara tara Inna ta fara zuwa da ni birni daga Ɗanbatta, za a yi wa yayata sayayyar kayan ɗaki. Ni a sanina kasuwa ita ce tamu ta ran Lahadi, wadda in yamma ta yi kowa ya naɗe buhunsa ya kama hanyar gida. Sai ga ni a Kurmi, Inna na jan hannuna ba ta tambayar kowa hanya. Nan 'yan turare, can dukawa, ka sha kwana sai 'yan kwano. Kowace haja da layinta.

Shi ya sa nake dariya in na ji ana cewa sai da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 Kanawa suka ga kasuwa mai tsari. Haba dai!

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi a bakin Jakara, don fatake masu ƙetaro Sahara da na Borno da na Gwanja su sami wuri guda na sauke kaya. Da Bature Clapperton ya zo a 1824, ya tarar da rumfuna a jere layi-layi kamar tituna, kaya masu tsada a tsakiya, dabbobi a gefe, ga sarkin kasuwa mai ba da hayar rumfa. Ba zan ɓoye maka ba mai karatu, har da rumfunan sayar da bayi a cikin wannan tsari, Allah Ya kiyaye.

Turawa sun rushe tsohuwar a 1904, aka buɗe sabuwa a 1909 da rumfunan ƙasa sama da 700, da masallaci da kotu a ciki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai babban ciniki ya fara gangarawa wajen ganuwa, Fagge da Sabon Gari, aka bar Kurmi da lungunanta da inuwarta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar dillalai. Clapperton ya ce cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi akwai sunan dillalin da ya sayar. In an kai kayan har Borno aka buɗe aka ga algus, a dawo da shi, dillali ya nemo mai kaya a biya kuɗi. Tafiyar wata guda fa!

Ni kuwa bara na sayi atamfa turmi biyu a wani kanti mai gilashi da na'urar sanyi, ta fitar sunan ƙanwata. Wankin farko ta zuba. Na biya kuɗin mota daga Ɗanbatta na koma, yaron kantin ya nuna mini ƙasan rasit da yatsa, wai ba a mayar da kaya. Na nemi mai kantin aka ce ya yi tafiya. Har yau turmin na biyu na nan a ƙasan akwatina.