Tarihin Farar Giyar Inabi Mai Ɗan Zaƙi ta Jamus

Gonakin inabi na Jamus suna dab da iyakar arewa ta inda wannan kuranga ke iya yin 'ya'ya. Sanyi yakan hana inabin nuna da wuri, sai ruwansa ya fito da tsami mai kaifi. Wannan ne asalin al'adar barin ɗan sukari a farar giyar ƙasar, domin zaƙin ya rage wa tsamin kaifi ba tare da ya danne shi ba.

Tun zamanin Romawa ake noman inabi a kwarin kogin Mosel, kusa da birnin Trier. Amma irin da ya yi fice a wannan giya, wato Riesling, sai a 1435 aka fara ganin sunansa a rubuce, cikin littafin lissafin wani basaraken Katzenelnbogen. A 1720 aka dasa shi a gonar Johannisberg da ke yankin Rheingau. A can ne ake ba da labarin cewa a 1775 manzon da zai kawo izinin girbi daga birnin Fulda ya makara, har inabin ya yi fumfuna a jikin kuranga. Da aka matse shi duk da haka, giyar ta fi ta kullum zaƙi da ƙamshi. Daga nan girbin jinkiri, Spätlese, ya samu daraja.

A da, sanyin rumbunan ƙarƙashin ƙasa ne ke tsayar da aikin yisti kafin ya cinye sukarin duka, kuma ba abin dogaro ba ne, don giyar kan sake tsumuwa a kwalba. Matatar da ke cire yisti, wadda kamfanin Seitz ya ƙera a farkon ƙarni na 20, ita ta kawar da matsalar. Sai dai sauƙin ya zo da ɓarna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka cika kasuwannin Ingila da Amurka da giya mai arha irin su Liebfraumilch, mai zaƙi amma salam, har mutane suka ɗauka duk giyar Jamus haka take. Dokar 1971, wadda ta jera matakai kamar Kabinett, Spätlese da Auslese bisa yawan sukarin inabi ranar girbi, ba ta wanke wannan suna ba.

Masana ɗanɗano ba yawan sukari suke nema ba. Suna sha da sanyi, su duba ko tsamin ya share zaƙin daga harshe, ya bar ƙamshin tuffa ko lemo. Kabinett na Mosel yakan yi sauƙin ƙarfi, sau da yawa barasarsa kashi 8 cikin 100 ce ko kusa da haka. A doka, kwalbar da aka rubuta wa halbtrocken, wato mai ɗan zaƙi, ba ta wuce giram 18 na sukari a lita ɗaya, ita kuwa feinherb, wadda manoman Mosel suka fi so, ba a yanka mata iyaka ba.