Canal du Midi

Canal du Midi hanyar ruwa ce da aka haƙa a kudancin Faransa. Tsawonta kilomita 240 ne, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Bahar Rum. Pierre-Paul Riquet ne ya jagoranci aikin a zamanin Sarki Louis na 14. Riquet ya rasu a 1680, aka buɗe hanyar a 1681. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

A da hatsi da giya ake dako a kanta. Yanzu masu yawon buɗe ido ne ke hayar ƙananan jiragen ruwa, suna kwana a ciki. Doka ta hana wuce kilomita 8 a awa, don haka mai gaggawa gara ya hau jirgin ƙasa. Inda ƙasa ta yi tudu, jirgin ruwa yakan shiga tsakanin ƙofofi biyu, a rufe, a saki ruwa har ya ɗaga shi. A Fonseranes, kusa da Béziers, irin waɗannan ƙofofi sun jeru kamar matakala.

Matafiya kan yada zango a Carcassonne mai tsohuwar ganuwa, da Castelnaudary, garin da ya shahara da dafaffen farin wake da nama.