Yadda ake komawa shafin intanet da aka taɓa buɗewa

Duk manhajar shiga intanet, Chrome ce ko Firefox ko Opera Mini, tana rubuta sunan kowane shafi da aka buɗe, da adireshinsa, da ranar da aka shiga. Wannan jerin shi ne tarihin bincike. Da yake yawancin wayoyin salula a Nijar da Faransanci aka saita su, kalmar da za a nema ita ce Historique.

Ɗalibin Dogon Dutsi ko Tibiri da ya ci jarrabawar BAC, ya buɗe shafin hukumar ANAB don neman tallafin karatu, rezo ya yanke masa, ba sai ya sake bincike daga farko yana ƙona forfe ba. A Chrome na wayar Android, ya taɓa ɗigo uku da ke sama ta dama, ya zaɓi Historique. Shafukan za su fito, na baya-bayan nan a sama. In jerin ya yi tsawo, akwai wurin bincike: kalma guda daga sunan shafin ta isa. A kwamfuta kuwa, a danna Ctrl da H tare. Wannan hanya ta fi sabon bincike tabbas, don tana mayar da mutum daidai adireshin da ya shiga, ba wani shafi mai kama da shi ba.

Sai dai a sani, adireshi kawai ake ajiyewa, ba abin da ke cikin shafin ba. Wanda ya karanta sanarwa a cikin gari, ya koma ƙauye wajen Matankari ko Kore Mairuwa inda rezo ke wuya, zai ga sunan shafin amma ba lalle ya buɗu ba. Gara ya sauke shi tun yana da rezo, ta alamar kibiya mai kallon ƙasa. Kuma Chrome ba ya riƙe tarihi fiye da kwana 90. Shafin da za a buƙata baɗi, a sa masa tauraro ya shiga Favoris.

Akwai shafukan da ba za a samu ba sam. Abin da aka buɗe ta Navigation privée ba a rubuta shi. Mahaɗin da aka taɓa cikin Facebook ma galibi a cikin manhajar Facebook yake buɗewa, don haka Chrome bai san da shi ba. A nan mutane da dama ke ruɗewa.

Batun sirri shi ne wanda aka fi sakaci da shi. A gidajenmu waya guda kan zaga hannun mutum uku ko huɗu, kuma duk wanda ya ara zai iya ganin cutar da aka bincika ko aikin da aka nema. Haka kwamfutar shagon intanet. Kafin a tashi, a shiga Historique a goge, a kuma fita daga akwatin imel, don goge tarihi kaɗai ba ya rufe shi.