Launi uku kacal ke cikin salularka

Wata rana na ɗiga ruwa a fuskar kwamfuta gaban ƴan ajina. Ɗigon ya ƙara girman abin da ke ƙarƙashinsa, sai farin ya rabu ya koma ƙananan ɗigo ja da tsanwa da shuɗi. Wata yarinya ta ce: "Mushe, to ina ruwan goron tutarmu?" Amsar tambayarta ta faro tun shekaru dubu da suka wuce.

Masana da yawa na zamanin da sun ɗauka daga ido haske ke fita ya taɓa abu. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna Alƙahira, shi ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir, wajen shekara ta 1021, cewa haske ne ke shiga ido.

A 1794 wani malamin makaranta a Ingila, John Dalton, ya bayyana cewa shi da wansa ba sa rarrabe wasu launuka kamar sauran jama'a. A 1802 likita Thomas Young ya kawo bayani: ido na da masu karɓar launi iri uku, kuma duk launin da muke gani gaurayensu ne. A 1861 James Clerk Maxwell ya jarraba zancen a Landan. An ɗauki hoton wani ƙyalle sau uku, ta matata ja da tsanwa da shuɗi, aka haska su a wuri guda, sai launukan ƙyallen suka fito.

A kan wannan aka gina tele da kwamfuta da salula. Babu fitilar ruwan goro a cikinsu. Ja ke kunnuwa sosai, tsanwa wajen rabi, ido ya haɗa su da kansa. Kowane launi na da mataki 256, jimilla fiye da launi miliyan 16. A 1976 Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu shaidar mallakar tsarin kamara mai ninka matatan tsanwa, domin ido ya fi jin haskensa. Tsarin hoto na JPEG, na 1992, yana zubar da wani ɓangare na bayanin launi, domin ido ya fi lura da haske da duhu. Shi ya sa hoton biki ke wucewa a WhatsApp ko da rezo ya yi rauni.

Ga abin da ya shafe mu, malamai da uwaye. Irin idon Dalton gado ne, ya fi yawa ga maza, kuma yana nan cikin azuzuwanmu. Yaron da ke rikita jan alli da tsanwa, ko ya kasa karanta taswira, ba lalle daƙiƙi ba ne. Kafin a yi masa tsawa, a gwada shi, a rubuta sunan launin kusa da zanen, a kai shi likitan ido in da hali.