Tsakanin Masaƙa, Makaɗa da Mu Masu Rubuta Manhaja

Sana'armu daga ɗakin saƙa ta fito, ko da yake 'yan bana ba su cika sanin haka ba. A farkon ƙarni na 19 Joseph-Marie Jacquard ya ƙera masaƙa a birnin Lyon na Faransa, wadda kati mai huji-huji ke nuna mata zaren da za ta ɗaga. Charles Babbage ya ari dabarar don injin lissafin da ya zana. Ita kuwa Ada Lovelace, a bayanan da ta wallafa a 1843, ta hango cewa wata rana irin wannan inji zai iya tsara kiɗa. Ba a taɓa kammala injin ba a zamaninsu, amma dangantaka ta riga ta ƙullu.

Rigimar ko aikinmu injiniyanci ne ko fasaha ta taso ne a 1968. Manyan ayyukan manhaja na lashe kuɗi, su wuce wa'adi, su fito cike da kurakurai. Sai ƙungiyar NATO ta tara masana a Garmisch da ke Jamus, aka ce a mai da aikin irin na injiniyoyi, komai da ma'auni da ƙa'ida. A wannan shekarar dai Donald Knuth ya fitar da juzu'in farko na The Art of Computer Programming, kuma da aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1974, ya tsaya kai da fata cewa shirya manhaja fasaha ce, tana da kyau da muni kamar waƙa. Shi ɗin makaɗi ne, har ogan irin na coci gare shi a gida.

Abin da ya fi burge ni game da shi ya faru a 1977. An kawo masa samfurin sabon bugun juzu'i na biyu, ya duba haruffan ya ga ba su yi masa ba. Maimakon ya haƙura, sai ya ajiye littafin ya zauna rubuta manhajar tsara bugu da kansa. Ya ɗauka aikin 'yan watanni ne, ya ci masa kusan shekara goma. TeX ke nan, wadda masana lissafi ke rubutu da ita har gobe.

Duk da haka, ni kwatanta mu da makaɗa bai cika kwanta min ba. Yabon kai ya yi yawa a ciki. Makaɗi jama'a na jin aikinsa kai tsaye, mu kuwa mai danna waya bai taɓa ganin layi ɗaya na abin da muka rubuta ba. Tela ne ɗan'uwanmu. Mai riga tsayi da faɗi yake dubawa, amma tela ɗan'uwa juya ta yake yi ya ga ɗinkin ciki. Haka abokin aiki ke bin rubutunka layi-layi kafin a haɗa shi da na sauran, ya ce wannan suna bai dace ba, wannan wuri ka yi kwana-kwana babu dalili. A nan ake koyon aikin, ba a aji ba, kuma waɗanda suka fitar da wata sanarwa kan ƙwarewar sana'ar manhaja a 2009 a kan haka suka tsaya.

Knuth ma ya yarda a juya masa riga. Har zuwa 2008, duk wanda ya fara gano kuskure a littattafansa, ladansa cakin dala 2.56. Yawancin waɗanda suka samu cakin ba su kai shi banki ba, a bango suka liƙa shi.