Daga ina grep ya fito? Zare

1/ Dalibi ya buɗe manhajar Python mai fayiloli ɗari, yana son sunan kowane aiki da aka ayyana a ciki. Maimakon ya bi su ɗaya-ɗaya, sai ya rubuta:

grep -o "def [a-z_]*" *.py

Kafin ya ƙifta ido, ga jerin sunayen. Wannan umarnin ya girmi iyayen yawancinmu.

2/ A Bell Labs, Amurka, farkon shekarun 1970, Ken Thompson ya rubuta editan Unix mai suna ed. A cikinsa akwai umarnin g/re/p: duba fayil duka, nemo layin da ya dace da salon da ka bayar, buga shi. Sunan ke nan.

3/ Matsalar ita ce ed sai ya ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya, ita kuwa kwamfutar PDP-11 ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya ce. Brian Kernighan ya ba da labarin cewa Lee McMahon na son tantance marubutan Federalist Papers, rubutun ya fi ƙarfin ed. Thompson ya ciro ɓangaren binciken, ya mai da shi shiri mai zaman kansa da ke karanta layi bayan layi. Grep ya shigo Unix a 1973.

4/ Shekarar nan dai aka kawo bututu, alamar |, wadda Doug McIlroy ya daɗe yana nacin a yi. Nan abin ya yi daɗi: grep ya tsamo layin, sed na McMahon ya yanke "def", sort ya jera. Awk ya biyo a 1977, sunansa haruffan farko ne na Aho, Weinberger da Kernighan.

5/ Amma fa kar a ruɗe ku. Grep bai san yaren kod ba, haruffa kawai yake gani. Idan "def" na cikin sharhi, zai kawo maka shi. A Java ko C, in an raba sunan aikin da nau'insa a layi biyu, sai ya tsallake shi shiru, kai kana zaton jerinka ya cika. Wanda ya goge kod bisa irin wannan jerin, ya sha kuka.

6/ Ken Arnold ne ya rubuta ctags a Berkeley, don ya tattara sunayen ayyuka da inda suke, editan vi ya yi tsalle kai tsaye zuwa wurin. Ni dai har yau da grep nake fara leƙawa, sai in tabbatar da ctags kafin in taɓa komai.